Ramuwar Issifu Ɗan Aboabo

Na fara ganin Issifu a watan Agusta na shekarar 2020, a sashen gashin ƙashi na asibitin da nake aiki a Doha. Lokacin an fara sassauta kullen korona, mun koma karɓar marasa lafiya ɗaya bayan ɗaya, kowa da takunkumi a fuska. Ya shigo yana dogara sanduna biyu. Dogo ne mai faɗin kafaɗa, amma ƙafarsa ta hagu ta tsotse kamar ba tasa ba. Na ga a takardarsa ɗan Ghana ne, sai na yi masa Turanci. Shi kuwa sunan da ke maƙale a rigata yake kallo.

"Abdulganiyu," ya karanta. "Dakta, kai Bahaushe ne?"

Na ce masa daga Zariya nake, kuma ni ba dakta ba ne, gashi kawai nake yi.

"To Dakta, mu ajiye Turancin nan. Ƙafata ba ta jin sa."

Hausarsa irin ta Zongo ce, wadda mace da namiji duk "shi" ne a cikinta. Zan kawo maganarsa a nan yadda kunnena na Zazzau ya juya ta. Shekara biyu da 'yan watanni ina gasa gwiwar nan, kuma a kan gadon gashi ya ba ni yawancin abin da zan faɗa.

A Aboabo aka haife shi, cikin Kumasi. Babansa mahauci ne, kuma tun yana ɗan shekara goma sha biyu shi ke sauke cinyar sa daga mota ya kai teburin uban. Katanga ɗaya ta raba gidansu da gidan wani tela, ɗan telan kuma shi ne Jamaldeen. Tare suka yi makarantar allo, tare suka yi ta boko har inda suka tsaya, tare kuma suka kamu da son kokawar zamani a gidan kallo na unguwa, irin wadda ake yi a kan dandamali mai igiyoyi. Sai su je wurin kafintoci su ciko buhuna da dusar katako, su jera a bayan gida, su yi ta wurgi da juna har magariba. Wani dattijo mai suna Baballe, wanda ya taɓa yin wannan kokawa a Legas, ya gan su wata rana ya ce za su kashe kansu a banza. Shi ya koya musu yadda ake faɗuwa ba a karye ba, da yadda ake dukan mutum a ji ƙara ba a ji ciwo ba.

Ni kafin na san Issifu, na ɗauka duk abin ƙarya ne. Ya yi dariya da na faɗa masa haka.

"Wanda zai ci, an sani tun a ɗakin shiri," in ji shi. "Amma ƙasa ba ta san an shirya ba, Dakta. Idan mutum ya ɗaga ka sama, wuyanka na hannunsa. Baba Baballe ya ce mana jikin abokin wasa amana ne. Duk wanda ya ci wannan amana, ba a sake hawa dandamali da shi."

Kokawar biyu-biyu suka zaɓa. Mutum ɗaya yana ciki yana fafatawa, ɗayan yana tsaye a bayan igiya, ba shi da izinin shiga sai abokinsa ya taɓa hannunsa. Suka sa wa kansu suna Tagwayen Zongo. Jamaldeen ya fi girma da nauyi, shi ne mai ɗagawa da tarewa. Issifu shi ne mai tashi sama, abin da ke ba mutane mamaki ke nan, mutum mai kilo casa'in da biyar ya hau kan igiya ta sama ya juya a iska kamar mage. Sun yi wasa a Accra, da Lome, da Kwatano, da Legas, wani lokaci a babban zaure, wani lokaci a filin makarantar firamare ranar Sallah. A 2015 Jamaldeen ya nemi auren Sanatu, ƙanwar Issifu. Mahaifiyarsu ba ta so ba, ta ce ɗan kokawa ɗaya ya ishe ta a gida. Issifu ne ya yi ta lallashinta har ta yarda.

Kokawa ba ta riƙe gida a can, shi ya sa a shekarar da ta biyo suka zo Doha aikin gadi. Bayan shekara biyu Sanatu ta biyo mijinta, ta samu aiki a wani babban kanti a Al Gharrafa. Sun ɗauka sun bar dandamali ke nan, sai suka ji labarin wani mutum da kowa ke kira Manaja, wanda ke kama hayar wani zaure kusa da Asian Town duk Juma'a bayan la'asar, yana shirya wa ma'aikata kokawa. Cikin wata uku Tagwayen Zongo suka zama su ne ake zuwa kallo. 'Yan Nepal, da 'yan Indiya, da 'yan Kenya, da Sudanawa, babu mai jin Hausa a cikinsu, amma duk sun koyi kalma ɗaya. Da zarar Issifu ya fara hawa igiya, sai zauren ya ɗauka: "Tashi! Tashi!"

Suna da wani salo da suke rufe wasa da shi. Abokan karawar su biyu za su janyo Jamaldeen wajen dandamali, su sa shi a tsakiya suna duka. Issifu zai hau ƙololuwar igiya ya yi tsalle ya faɗo a kansu don ya ceci ɗan'uwansa. Ga mai kallo, mutum biyun nan ya faɗa wa. A gaskiya kuwa Jamaldeen ne ke tare shi da ƙirji da hannuwa, sauran biyun zubewa kawai suke yi. Ƙarƙashinsu siminti ne.

Juma'ar ƙarshe ta watan Fabrairun 2020, wani baƙo ya zo daga wani kamfanin kokawa na ƙasar waje. Kafin a fara wasa Manaja ya kira su biyun ya ce baƙon mutum ɗaya yake nema, kuma ya riga ya ga bidiyon Issifu, yau so yake ya gani da idonsa. Jamaldeen ya rungume Issifu ya ce Allah ya sa alheri.

Da aka zo ƙarshen wasa, Issifu ya hau igiya, zaure na ta "Tashi! Tashi!" Ya dubi Jamaldeen, Jamaldeen ya gyaɗa kai, alamar da suka saba. Ya yi tsalle. Yana cikin iska ya ga Jamaldeen ya ja da baya. Gwiwarsa ta hagu ce ta fara isa siminti. Ƙoƙon ya tarwatse, jijiyoyi biyu suka tsinke.

An yi masa aiki, an sa ƙarfe. Bai cika sati biyu da komawa masauki ba aka rufe unguwar Sana'iyya, inda masaukin nasa yake, saboda korona, ba shiga ba fita. Gashin da ya kamata a fara masa da wuri bai samu ba. Su shida ne a ɗaki, wani ɗan Uganda ya bar masa gadon ƙasa, kuma su ke ɗaukarsa zuwa banɗaki. Ƙafar ta sandare a miƙe. Jamaldeen yana zaune a wajen unguwar da aka rufe, ya kira shi sau biyu kacal, duk biyun kalma ɗaya ya maimaita: tsautsayi ne. Baƙon nan kuwa ya koma ƙasarsu, aka rufe iyakoki, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Babu wanda aka ɗauka.

Amma ba ciwon ne ya fi cin Issifu ba. Wata rana mahaifiyarsu ta kira daga Kumasi tana yi masa sannu, a ƙarshe ta ce, "Kai ma ka rage gaggawa, Issifu. Jamal ya ce tun bai ba ka alama ba ka yi tsalle." A ranar ya gane labarin da ake bayarwa ke nan a Doha da Kumasi: ɗokin baƙo ya ruɗe shi, ya karya kansa.

Wani ɗan kallo ya ɗauki wasan a waya, bidiyon ya zo hannun Issifu. Watannin kullen nan ba shi da aikin yi sai kallonsa. A zuwansa na huɗu wurina ya miƙo mini wayar.

"Kar ka kalle ni, Dakta. Ka kalli ƙafarsa."

Na kalla sau uku. Kan Jamaldeen ya gyaɗu. Issifu ya bar igiya. Sannan ƙafar dama ta Jamaldeen ta koma baya, hannuwansa kuma suka sauka maimakon su buɗe.

"Taku ɗaya," in ji Issifu.

Na ce wataƙila santsi ne ya ja shi, ko ɗaya daga cikin mutanen ya fizge shi.

"Sau ɗari uku da wani abu ya tare ni a wannan tsalle. A Lome ya tare ni cikin ruwan sama. A Kwatano ya tare ni da karyayyen yatsa. Ranar da aka ce mutum ɗaya ake so, ran nan ne santsi ya zo?"

Na ci gaba da lanƙwasa gwiwar. Abin da zan iya faɗa shi ne ban taɓa samun majinyaci kamarsa ba. Lanƙwasa gwiwar da ta sandare azaba ce, na ga manyan maza suna kuka suna zagina. Issifu sai ya cije tawul ya yi mini alama da hannu in ƙara. Idan na ce ya yi motsa jiki sau ashirin a gida, sai ya yi sittin. Kamfaninsu ya mai da shi gadin zaune a bakin wata ma'ajiyar kaya, shi kuma ya ɗaura jarkar ruwa a idon sawu yana ɗagawa a ƙarƙashin tebur. Na ɗauka son komawa kokawa ne ke tura shi, na yi ta yaba masa a gaban sauran marasa lafiya.

Akwai gwiwar roba a kan teburina wadda nake nuna wa mutane yadda gaɓar take. Ya ƙaunaci abin nan. Kullum sai ya ɗauka yana juyawa yana tambaya. Wannan jijiyar mene ne aikinta? Idan aka riƙe dunduniya aka murɗa ta nan, wacce ke fara tsinkewa? Wacce ce idan ta tafi ba ta dawowa daidai ko an yi aiki? Ni kuma da jin daɗin samun mai sauraro, na bayyana masa komai dalla-dalla, har da zane.

Mun saba har ya fara zuwa gidana a Nu'aija. Matata Khadijat takan yi masa tuwon shinkafa da miyar taushe, ya ci ya ce bai kai tuwon zafin Kumasi ba amma a ƙaro. Sau ɗaya Sanatu ta zo tare da shi. Mace ce mai shiru, tana da irin idanunsa. Bayan cin abinci ya ciro waya zai nuna mata bidiyon, ta kau da kai.

"Bra Issifu, na gani. Sau nawa zan gani?"

"To me kika gani?"

"Na ga yayana ya faɗi. Wancan kuma mijina ne, kai ka ba ni shi da hannunka. Me kake so in yi?"

"Ki tambaye shi."

"Na tambaye shi. Ya rantse."

Issifu ya mai da wayar aljihu. Daga ranar bai sake yi mata maganar ba, bai sake yi wa kowa ba, har ni. Na ɗauka ya huce.

Ƙarshen 2021 aka dawo da wasan Juma'a. Jamaldeen ya samu sabon abokin wasa, wani Rashad ɗan unguwar Nima ta Accra, kuma bai canza sunan ba. Tagwayen Zongo dai, da jar riga mai tauraro a baya, irin wadda baban Jamaldeen ya ɗinka musu tun farko. Issifu ya je kallo, lokacin ya ajiye sanda. Bayan an tashi ya shiga ɗakin shiri, ya gaisa da kowa, ya rungume Jamaldeen a gaban jama'a ya ce abin da ya wuce ya wuce. Jamaldeen har da hawaye. Da Issifu yake ba ni labari washegari, abin da ya ƙara da shi kawai shi ne, "Ya yi ƙiba. Duk nauyinsa a ƙafar dama yake ɗorawa yanzu."

Ya fara zuwa atisaye da su. Tsalle daga sama ya ƙare masa, wannan ni na gaya masa kuma ya yarda. Sai ya koma kokawar ƙasa, kamu da murɗiya da maƙale gaɓoɓi, ya kuwa iya.

Da gasar cin kofin duniya ta zo, Doha ta cika ta batse. 'Yan Ghana suka cika gari da ganguna da tutoci. Manaja ya ga dama ta samu. Ranar Juma'a biyu ga Disamba Ghana za ta kara da Uruguay da ƙarfe shida na yamma, kuma duk ɗan Ghana da ka tara a makon nan zancensa ɗaya, sai sun rama fitar da su daga gasar da Uruguay ta yi shekara goma sha biyu baya. Manaja ya sa wasansa ƙarfe biyu da rabi, bayan an sauko daga masallaci, don mutane su kalla su wuce kallon ƙwallo. Ya buga takardu: Tagwayen Zongo na asali sun dawo. Ya kuma tsara yadda wasan zai ƙare. Bayan sun ci, Issifu zai juya wa Jamaldeen baya, ya kayar da shi ya maƙale masa ƙafa, wai yana rama karayarsa, don a samu dalilin haɗa su karo a mako na gaba. Jamaldeen ya ce shawara ce mai kyau. Issifu ya ce duk yadda Manaja ya ce.

Ranar Alhamis Issifu ya kawo mini takardar shiga har wurin aiki, ya gaya mini tsarin yana murmushi. Idona ya sauka kan gwiwar robar nan. Sai a lokacin tambayoyinsa na shekara biyu suka jeru a kaina.

"Issifu, me kake shiryawa?"

"Wasa, Dakta."

"Ka dube ni. Mijin ƙanwarka ne."

"Ni kuma yayan matarsa ne. Ya tuna da haka?" Ya miƙe. "Ka zo da wuri, za a cika."

Ina da lambar Sanatu. Na ciro ta sau biyu a yammacin nan, ban kira ba. Na ce wa kaina ba ni da hujja, zato ne kawai. Amma gaskiya ita ce ni ma na ga takun nan, kuma ni ne na ji ƙarar gwiwar nan a tafin hannuna wata da watanni. Wani ɓangare na zuciyata yana so a biya shi.

Zauren ya cika har bakin ƙofa, rabi 'yan Ghana da jajaye da rawaya da koraye. Sanatu tana layin gaba. Waɗanda aka haɗa su karawa da su, Rashad ne da wani ɗan Kenya. Minti ashirin aka yi, kuma ban taɓa ganin abu mai kyau irinsa ba. Issifu da Jamaldeen ba sa ko kallon juna, hannu na miƙuwa ɗayan ya riga ya taɓa. Jama'a suka yi ta "Tashi! Tashi!" Issifu ya nuna gwiwarsa ya girgiza kai, aka yi dariya aka tafa masa. Jamaldeen ya danne ɗan Kenya, alƙalin wasa ya buga ƙasa sau uku, zaure ya kaure. Aka ɗaga hannayensu biyu.

Sai Issifu ya shammaci Jamaldeen ya kwashe ƙafafunsa. Jama'a suka yi ihu. Ya kama ƙafar dama, ya zauna ƙasa ya naɗe ta da nasa ƙafafun, ya sa dunduniyar a hammatarsa. Jamaldeen ya fara bugun dandamali yana kururuwar wasa, kamar yadda aka tsara. Ina kusa da kusurwar, ina ganin fuskarsa. Na ga lokacin da ta canza.

"Issifu, sassauta," ya ce da Hausa. "Kai, ka matse da yawa."

Issifu bai ɗaga murya ba, amma na ji shi. "Taku nawa ka ja baya?"

"Me kake faɗa? Saki!"

"Taku nawa, Jamal?"

Ya ƙara murɗawa kaɗan. Jamaldeen ya ƙwalla ƙara ta gaske, jama'a suka ɗauka gwanintar wasa ce, suka ƙara tafi. Wasu na buga ganga.

"Ɗaya! Ɗaya ne! Shaiɗan ne, wallahi ban yi zaton za ka karye ba. Don Allah, don Sanatu!"

"Ka ba da alama ko ba ka ba da ba?"

"Na ba da! Na gyaɗa kai!"

Na ɗauka a nan zai tsaya. Ya samu abin da yake nema, alƙalin wasa ma ɗan Zongo ne, ya ji, Rashad da ke bakin igiya ya ji. Na miƙe ina kiran sunansa. Issifu ya dube ni ido cikin ido, sannan ya juya kafaɗarsa gaba ɗaya zuwa ɓangaren da na taɓa zana masa a takarda. Duk da ganguna na ji ƙarar.

Ya saki ƙafar ya miƙe, ya ɗaga hannuwa, zaure na ta yi masa ihun tsana irin na wasa. Sanatu kaɗai ce ba ta motsa ba. Ni na hau dandamali na riƙe ƙafar har motar asibiti ta zo. Da Manaja ya tare shi a ɗakin shiri yana tambayar me ya faru, Issifu yana kwance igiyar takalminsa ya ce, "Tsautsayi ne."

Daga nan ya wuce kallon ƙwallo abinsa. An ci Ghana biyu da nema, amma Uruguay ɗin ma ba ta tsallake ba, tare aka kore su. An ce Issifu na cikin waɗanda suka yi rawa a bakin titi.

Ba a kai maganar ko'ina ba. Jamaldeen da kansa ya gaya wa likitoci a wurin wasa ya ji ciwo, domin in ya ce da gangan ne, sai an tambaye shi dalili. Amma 'yan kokawa sun sani. Alƙalin wasan ya faɗi abin da ya ji, kafin mako ya zagayo labarin ya isa Aboabo, gaba da bayansa. Mutanen da suka yi shekara biyu suna cewa gaggawar Issifu ce ta karya shi suka daina. Mahaifiyarsu ta kira shi tana kuka, ta ce ya yafe mata maganar da ta yi masa, sannan ta ce abin da ya aikata ba tarbiyyarta ba ce. Manaja kuwa ya aiko masa da saƙo cewa khalas, wato shi ke nan, babu wanda zai yarda ya ba shi ƙafarsa ko wuyansa, kar ya sake zuwa zauren. Kokawar mutum biyun ta ƙare a rana ɗaya. Issifu yana da shekara talatin da shida.

Jijiyoyi uku suka tsinke a gwiwar Jamaldeen. Bayan aiki aka turo shi gashi, kuma sunansa ya faɗo a jerin nawa. Na so in miƙa shi ga wani abokin aiki, sai na ga ba ni da bakin yin haka. Wata huɗu na yi ina gasa shi. Yakan yi kuka, ba ya yin motsa jikin da na ba shi. Sau ɗaya kawai ya taɓo maganar, yana kallon rufi.

"Malam Abdulganiyu, shekara goma sha biyar ni ne a ƙasa, shi ne a sama. Shi ake kira. Ko ɗan Nepal ya san sunansa, ni ba a san nawa ba. Daƙiƙa ɗaya ce zuciyata ta ce mini in matsa."

Sanatu ce ke kawo shi, ta zauna a waje. Ranar ƙarshe ta tsayar da ni a baranda ta ce, "Malam, ka sani kafin ranar?" Na ce na yi zato. Ta dube ni, ta tura keken guragun da mijinta ke kai suka tafi. A watan Mayu suka koma Kumasi gaba ɗaya. Har yau ba ta ɗaukar wayar yayanta, ta kuma daina amsa saƙon Khadijat.

Issifu yana nan a Doha. Ya bar gadi, yana horar da mutane a wani gidan motsa jiki a Al Gharrafa, kuma an ce yana da haƙuri da masu ciwon gwiwa. Hutu biyu ya wuce bai je gida ba. Na daina gayyatarsa Nu'aija, shi ma bai tambayi dalili ba, amma mukan haɗu jefi-jefi a wani shagon shayin karak kusa da wurin aikinsa. Na taɓa tambayarsa kai tsaye ko ya yi nadama.

"Na yi kewar Sanatu," ya ce. "Nadama kuwa, a'a. Da na sake shi bayan ya amsa, da ya koma ɗakin shiri ya ce azaba ce ta sa ya faɗa. Na san shi."

"Ni fa ka sa na zama abokin aikinka ban sani ba."

"Ka sani ranar Alhamis, Dakta."

Ya kurɓi shayinsa. Can ya tambaye ni, tunda ni na gasa ƙafar, ko Jamaldeen zai iya durƙusawa. Na ce ba na jin zai iya nan kusa, labarin da nake samu a kujera yake sallah.

"Ni wata goma sha ɗaya na yi a kujera," ya ce. "Ya sa matashi a bayansa, kujerar roba tana sa ciwon ƙugu. In kana da hanyar gaya masa, ka gaya masa. Kar ka ce daga ni ne."

Ya duba agogo ya ce yana da mutum ƙarfe huɗu. Ya shanye sauran shayin a tsaye, ya tsallaka titi yana ɗan ɗingishi.